Harar: Garin Da Na Koyo Suyar Gahawa

 Ban sani ba ko kin taɓa miƙa wa surukarki abu ta karɓa da hannu biyu, ta sa miki albarka, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye a gefe ba ta ce komai ba. Idan kin taɓa gani, to kin san wannan shirun ya fi faɗa ciwo. Ni na kusan shekara ina ganinsa kullum bayan sallar Asuba.

Hajiyarmu a Sudan aka haife ta, cikin Hausawan nan da kakanninsu suka bi hanyar Makka a ƙasa suka yada zango a can. Ta dawo gida da aure, ta bar komai amma ban da gahawa. Ba ta shan ta gwangwani, wadda ake zuba wa ruwan zafi a juya. Ɗanyar ƙwaya ake kawo mata, ta soya da kanta, ta daka da citta, ta dafa a 'yar butarta ta ƙasa da suke kira jabana. Da ido ya fara ba ta matsala sai aikin ya dawo hannuna. Na ce a raina me zai gagare ni, ni da nake suyar gyaɗa tun ina 'yar talla? Ashe da sauran aiki. Yau ta fito baƙa ƙirin da ɗaci kamar maɗaci, gobe ta fito da gafi kamar waken da bai nuna ba, jibi kuma ta yi daɗi ban san dalili ba. Wannan na ƙarshen ya fi damuna, domin abin da ya yi kyau ba ki san yadda aka yi ba, ba za ki iya maimaita shi ba.

Ana cikin haka, a 2019, tafiyar aiki ta kama maigidan zuwa Habasha, ya ce in raka shi. Da ya gama abin da ya kai shi Addis Ababa, sai wani abokin aikinsa ya gayyace mu garinsu, Harar, can gabashin ƙasar, kimanin kilomita 500 a mota. Mu jirgi muka bi zuwa Dire Dawa, tafiyar kamar awa guda, daga nan muka shiga mota muka yi ta hawa tsauni na kusan kilomita 50. Dire Dawa zafi kamar Sakkwato, amma kina hawa kina jin iska na sauyawa, kafin mu isa na jawo mayafi mai kauri. Harar tana bisa tudun da ya kai mita 1,800 da ɗoriya, wato ta fi Jos tsawo nesa ba kusa ba, don haka idan Allah ya nufe ki da zuwa kada ki bar rigar sanyin yara a gida.

A hanya na yi ta baza ido ina neman gonakin gahawa, amma abin da ya fi yawa wani ɗan itace ne mai koren ganye da suke kira cat, Larabawa su ce ƙat, wanda maza ke taunawa da rana. Manoma da yawa a yankin sun sare gahawarsu sun dasa shi, saboda shi ana tsinka a sayar sau da dama a shekara, ita kuwa gahawa sau ɗaya take ba da 'ya'ya. Ban ga laifin manomin da ke neman abin da zai ciyar da iyali ba, amma gaskiya raina bai so ba.

Idan kin san Kano, Harar ba za ta yi miki baƙunta sosai ba. Tsohon garin, da suke kira Jugol, ganuwa ce ta zagaye shi, wadda Sarki Nur ɗan Mujahid ya gina a ƙarni na 16, tana da tsofaffin ƙofofi biyar. Sai dai tasu ganuwar ta dutse ce, kuma ƙarama ce, tsawonta duka bai wuce kilomita uku da 'yan kai ba. A cikin wannan ɗan wurin akwai masallatai 82 da hubbarorin bayin Allah 102, kamar yadda hukumar UNESCO ta ƙidaya lokacin da ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2006. Lokacin sallah kiran ladanai yakan haɗu ta ko'ina har ki rasa na wane masallaci za ki amsa. Lunguna kuwa sai wanda ya gani, an shafe bangaye da shuɗi da kore da ruwan hoda, akwai wanda ƙuncinsa ya kai mutum biyu ba sa giftawa sai sun goga kafaɗa, har mutanen garin na cewa masu gaba idan suka haɗu a cikinsa dole su shirya. Da dare kuma a bayan ganuwa ana ciyar da kuraye nama da hannu. Maigidan ya je kallo. Ni na ce a kai kasuwa, kura ko a tatsuniya ba mu saba ba.

A gidan mahaifiyar abokin nasa aka sauke mu, dattijuwa mai fara'a wadda na riƙa kira Ummi. Ita ba Hausa ba Turanci, ni ba yarensu, sai ɗan Larabcin Islamiyya da ya rage mini da nata na allo suka haɗa mu, sauran kuma da hannu. Babban ɗakinta ne ya fara kama ni. Bango daga sama har ƙasa an jere shi da faya-fayi masu launi da kwanukan sha da tasoshi, tamkar jeren ɗakin amarya na zamanin iyayenmu. Wurin zama dakali-dakali ne, biyar, kowane da masu zama a kansa gwargwadon girma da shekaru, kuma an shafe su da ja. Sun ce jan don tunawa ne da waɗanda suka rasu a yaƙin Calanƙo na 1887, lokacin da Sarki Menelik ya ci garin. A saman ƙofa akwai wani ɗan rataye da ake ɗora naɗaɗɗun dardumai, baƙo na ganinsu ya san akwai budurwar da ta isa aure a gidan. Ki duba wannan hikima, ba sai an aika kowa cigiya ba.

Su gahawa buna suke ce mata, ko bun. Asalin itacen daga dazuzzukan kudu maso yammacin ƙasarsu yake, daga nan ya tsallaka teku zuwa Yaman, inda a ƙarni na 15 sufaye suka riƙa shanta don su jure tsayuwar dare. Har ma an taɓa haramta ta a Makka a 1511, daga baya aka janye hanin. Habasha ce ta fi kowace ƙasa a Afirka noman gahawa, kuma kusan rabin abin da suke nomawa su suke shanye abinsu. A Harar ba a zubar da komai nata: ganyen ma ana busarwa a dafa da madara, ɓawon 'ya'yan shi ma ana dafawa a sha kamar shayi.

Washegari da hantsi Ummi ta ce za ta yi mana buna. Na ce mata ni dai ba sha kawai na zo yi ba, ta bar ni in zauna kusa da murhu. Ta yi dariya ta matsa mini.

Abu na farko da na lura, ba ta ɗebo ƙwayar da ka ba. Tana da wani tsohon finjali mai tsagaggen baki wanda ba a shan komai da shi, aikinsa awo ne kawai. Ta auna, ta zuba a faifai, ta zauna ta tsince kamar mai tsintar shinkafar tuwon baƙi: tsakuwa, baƙaƙen ƙwayoyi, waɗanda suka fashe, da 'yan mitsi-mitsi. Na ɗauki wata fasasshiya na tambaye ta laifinta. Ta nuna mini murhu ta ce, "Ita za ta riga 'yan'uwanta ƙonewa, ya binti, ɗacinta kuma kowa zai sha." Sannan ta wanke da ruwa tana murzawa tsakanin tafin hannu, ta tsane sosai.

Na biyu wuta. Gawayin ya daɗe da kamawa amma ta ƙi ɗora kasko, tana ta hira, har sai da harshen wutar ya mutu, garwashin ya yi farar toka a sama. Ta miƙa tafin hannu bisa murhun ta ɗan jima, sannan ta gyaɗa kai. Nan na gano babban kuskurena. Ni da zarar gawayi ya kama nake ɗorawa, wata rana wutar na ci bal-bal, wata rana ta fara mutuwa, amma ina jiran sakamako iri ɗaya.

Kaskon nata na ƙarfe ne mai faɗi, ƙwayar ta bazu a ciki ba wadda ta hau kan wata. Daga lokacin da ta zuba hannunta bai tsaya ba, tana juyawa daga gefe zuwa tsakiya. Uwargida, ki bi ni a hankali a nan, don nan ne aikin yake. Ɗanyar gahawa launinta kore ne mai duhu-duhu kamar busasshen ganye, ba ta da ƙamshin komai sai na ciyawa. Mintuna huɗu zuwa biyar na farko ruwan jikinta ne ke fita, ta koma rawaya. Daga nan ta fara yin ruwan ƙasa, ƙamshin ya koma kamar na gasasshiyar masara, wani siririn ɓawo ya riƙa saɓulewa yana tashi. Sai Ummi ta kama kunnenta ta nuna mini, wato in saurara. Can sai na ji ƙas, ƙas, ɗaya bayan ɗaya, kamar gugguru ya fara fashewa amma bai kai shi ƙara ba. Wannan shi ne fashewar farko. Tururin da ya taru a cikin ƙwayar ne ke tsaga ta, masu auna zafi sun ce yana faruwa ne idan ta kai wajen digiri 196. Kafin wannan ƙarar gahawa ba ta nuna ba, komai kyan launinta a ido. Duk ranakun da tawa ta yi gafi, saukewa na yi kafin in ji shi, don ban ma san ana jira ba.

Bayan ƙarar ta lafa akwai ɗan shiru na minti biyu zuwa uku. A cikin wannan ɗan shirun ne kike zaɓen irin gahawar da kike so. Idan kin sauke da wuri za ta fito da ɗan tsami-tsami da ƙamshin 'ya'yan itace, wanda gahawar Harar ta yi suna a kansa, saboda su da ɓawonta suke shanya ta a rana har ta bushe kafin a sussuke. Idan kin jira, sai wata ƙarar ta biyu ta taso, siririya mai sauri kamar ana taka busasshen kara, hayaƙi ya yi yawa, mai ya fara tsattsafowa a jikin ƙwayar tana sheƙi. Habashawa da 'yan Sudan a bakin wannan ta biyun suke saukewa, shi ya sa tasu take da duhu da ƙarfi. Wadda kika sha a Makka ko Madina da dabino, mai ruwan rawaya, ita kuma tun da sauran haske a jikinta ake sauke ta. Kowanne da masoyansa. Amma idan kika bar ƙarar ta biyu ta yi nisa, to gawayi kika yi, ba sukarin da zai gyara shi.

Tana saukewa ta miƙe da kaskon ta zagaya da shi gaban kowa, kowa ya jawo hayaƙin da hannu zuwa fuskarsa ya yaba. Al'adarsu ce, kuma rashin yi rashin ladabi ne ga mai gida. Amma ba ta ɓata lokaci ba, nan da nan ta juye a faifai ta shiga bakace tana hurawa, ɓawon na tashi. Wannan ma wani darasi ne. Ni a kasko nake barin tawa ta huce, alhali kaskon da ƙwayar duk suna riƙe da zafi, suyar na ci gaba ko an sauke daga wuta. Wato sau da yawa ba a kan murhu na ƙona ba, a ƙasa na ƙona.

Da ta huce sai ta sake tsincewa. Akwai waɗansu ƙwayoyi da suka ƙi yin duhu, suka tsaya fari-fari. Waɗannan tun a gona aka tsinke su ba su nuna ba, ko kwana za ki yi kina soyawa ba za su bi sahu ba. Kada ki ƙara wa sauran wuta saboda su, ki cire su kawai. Sannan ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta fasa da taɓarya ta nuna mini cikinta: launin ciki da na waje ɗaya. Idan kika fasa kika ga waje baƙi ciki fari, wutarki ta yi yawa, ta ƙona baya ba ta ratsa ba. Idan kuma kin haura minti 20 ba ki ji fashewa ba, wutar ta yi kaɗan, za ta fito lami ba ƙamshi. Tsakanin minti 10 zuwa 15 ya kamata a ce an gama.

Sauran aikin ya zo da sauƙi. Ta daka a ɗan turminta, ta zuba a butar ƙasa mai dogon wuya, su jebena suke cewa, kusan yadda Hajiyarmu ke faɗa, ta dafa, ta sauke ta jingine butar a karkace don garin ya kwanta. Aka sa lubban a garwashi, aka kawo gugguru, ta tsiyaya daga sama cikin ƙananan finjalai marasa mariƙi. Zagaye uku ake yi a kan gari ɗaya ana ƙara ruwa, na farko abol, na biyu tona, na uku baraka. Duk mai ɗan Larabci zai ji awwal da sani da albarka a ciki. Ba a tashi kafin na ukun. Mun fi awa guda a zaune, maƙwabta mata na shigowa da labarin unguwa, wanda ban ji ko kalma ba amma na gane na miji ne da 'ya'ya da tsadar kasuwa.

Kwana huɗu muka yi, kullum Ummi na miƙa mini cokali. Ranar farko na ƙona, don na tsaya gyara ɗankwali. Ta kwashe ta zubar ba ta ce uffan ba, ta sake aunowa. Na ji kunya ƙwarai, don na san ba arha gare ta ba. Rana ta uku ta juya mini baya da gangan tana wanke finjalai, da ƙarar farko ta zo ta ɗaga yatsa ɗaya sama ba tare da ta waiwayo ba. Da za mu tafi na saya kilo biyu a kasuwar bakin ƙofar gari, ita kuma ta ƙulla mini 'yan ƙwayoyi daga suyarta a ƙyalle ta ce in riƙa gwada tawa da su.

Da na dawo gida sai da na sake lalata kasko biyu, don murhuna ba nata ba ne. Ga yadda na daidaita, ko zai yi miki amfani. Na ware gwangwanin madara guda, shi ne ma'aunina, yana ɗaukar kusan giram 100, kuma ba na ƙarawa ko baƙi sun yi yawa, gara in soya sau biyu. Na ware kasko ɗaya mai kauri wanda mai bai taɓa shiga ba. Na koma kan gas saboda wutarsa ba ta sauyawa, na sa ɗigon jan farce a jikin makunnin daidai inda nake tsayar da shi. Na sayi ɗan littafi na rataye a kicin, ina rubuta minti nawa ta yi rawaya, minti nawa ta fashe, minti nawa na sauke, da abin da Hajiya ta yi da finjalin. Bayan mako uku littafin da kansa ya nuna mini cewa duk ranar da aka sha da yawa, minti biyu da rabi ne bayan fashewar farko. Lokacin hunturu nakan ƙara wuta kaɗan in rufe tagar da iska ke bugowa, amma ki bar wata a buɗe, don hayaƙin yana da yawa, kuma ki fitar da jariri da mai asma daga wurin.

Kada ki ga ta rage auki ki zaci an cuce ki. Giram 100 yakan dawo wajen 85 bayan suya, ruwan ne ya fita, ita kuwa ƙwayar kumbura take yi. Ki adana a kwalba mai murfi nesa da rana, ki soya wadda za ta ƙare cikin mako ɗaya ko biyu, ki daka iya ta ranar kawai. Na kuma lura wadda ta kwana ɗaya bayan suya ta fi ta nan take daɗi, duk da Habashawa ba sa jira. Sannan don Allah ki nemi turminta daban. Na taɓa daka a turmin da aka daka daddawa, wanke shi na yi har sau uku, amma ranar ko maigidan da ba ya magana sai da ya tambaya ko miya ce. Ɗanyar ƙwayar kuwa ba lallai sai ta Habasha ba, ana noman irinta a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba, masu dawowa daga Umara ma suna zuwa da ita. Sai dai duk lokacin da kika canja iri, ki sa ran lissafin mintunanki zai ɗan motsa, kunnenki ne zai gaya miki. Mai juna biyu kuma ta taƙaita, likitoci na ba da shawarar kada ta wuce kamar kofi biyu a yini, kuma kada a haɗa ta da maganin ƙarin jini, don tana rage shigarsa jiki.

Wata Asuba, kamar wata biyu da dawowarmu, na kai wa Hajiya jabanarta na koma bakin ƙofa na zauna kamar yadda na saba. Ta kurɓa, ta yi shiru, ta sake kurɓa har ta shanye. Sai ta miƙo finjalin ta gefen da take jin motsina.

"'Yar nan, ƙaro mini. Gobe kuma ki rage cittar, ta so ta yi yawa."